Zaɓe da rani, yunwa da damina: lissafin gida a Adar

Tiyar da ake auna hatsi da ita a kasuwar Tawa a watan Nuwamba ita ce dai ake aunawa da ita a watan Agusta. Kwanon bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wanda ke tsaye gabanta ma shi ne dai, sai dai fuskarsa ta sauya. Da kaka ya kawo hatsi yana roƙon a saya, da damina ya dawo da ƴan canji a hannu yana roƙon a rage masa. Kusan duk wahalar kuɗi ta gidajen Adar, yankin Tawa a Nijar, tsakanin tsayuwar nan biyu take, kuma a nan ya kamata a titsiye duk mai neman ƙuri'a, na magajin gari ne, na dapite ne, ko na shugaban ƙasa.

Na san wani zai ce wane zaɓe kuma? Da gaskiyarsa. Tun ranar 26 ga Yulin 2023 soja ke riƙe da ƙasa, kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ba Janar Abdurahaman Tiani wa'adin wata 60, an kuma rusa jam'iyyu. To amma ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a gyara tambaya tun yanzu ba, ranar da ganguna suka dawo atamfa da sabulu da jika bibbiyu za su sake cinye hirar kamar yadda suka saba.

Mu fara da wani abu da ban cika jin ana magana a kansa ba, wato watannin da ake zaɓe a ƙasar nan. Zaɓen shugaban ƙasa na 1993 an yi shi a Fabrairu da Maris. Na 1999 a Oktoba da Nuwamba. Na 2004 a Nuwamba da Disamba. Na 2011 a ƙarshen Janairu da Maris, na 2016 a Fabrairu da Maris, na ƙarshe kuma ranar 27 ga Disamban 2020, zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021. In ka cire na Yulin 1996 da Ibrahim Bare Mainasara ya shirya, duk sauran bayan girbi aka yi su. Akwai dalili mai kyau: hanya ta bushe, mota na shiga ƙauye, manomi ya sauka daga gona. Amma dubi abin da hakan ke haifarwa. Ɗan takara yana tarar da mutane lokacin da rumbu ke da sauran dami, tiya tana da sauƙi, zazzaɓin cizon sauro ya lafa. Mutumin da ya ci tuwo jiya da dare yana iya sauraron zancen gada da filin jirgi, har ya tafa. Da a tsakiyar Agusta aka zo masa, da hirar ba ta kai can ba. Ƙari a kan haka, a watannin nan samari da magidanta da yawa na Adar ba su gida, sun tafi bida, wato neman kuɗi a wasu ƙasashe. Mata da tsofaffi ne ke cika layin zaɓe a ƙauyuka da dama, su kuwa ba a cika miƙa musu lasifika a wurin taro ba.

Yanzu mu shiga gidan da kansa. Zan yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. Tiyar hatsi kilo biyu da rabi ce, buhun kilo 100 kuma tiya 40. Gida mai mutum goma, in ana tuwo da dare ana fura da rana, yana cin tiya biyu a yini ba tare da wani wadaƙa ba. Buhu ɗaya kwana 20 ke nan, shekara kuma buhu 18. Mu ɗauka damina ta yi dama-dama, mai gida ya samu buhu 12. Da zai rufe rumbu ya riƙe makulli, da hatsin ya kai shi wata takwas. Amma ba ya iya rufewa, domin ranar da aka ɗaure damin ƙarshe akwai masu jira a bakin ƙofa. Mai butikin da ya ba shi bashi da damina yana jira. An buɗe lakwal a Oktoba, yara na son littafi da alƙalami da takalmi. Mai gari yana tara lanho. Auren ƴar da aka ɗaga tun bara da cewa sai kaka, ga kakar ta zo. Ɗansa kuma yana son kuɗin mota zuwa Abijan. Duk waɗannan kuɗi suke so a hannu, shi kuwa hatsi gare shi. Sai ya fitar da buhu huɗu ya kai kasuwa a makon da kowa ma ya kai nasa.

Mu ce ya sayar a kan jika 20 kowane buhu, wato tiya dala ɗari. Ya karɓi jika 80. Buhu takwas da suka rage za su ƙare a farkon Afrilu, sabon hatsi kuwa sai ƙarshen Satumba. In a watan Yuli buhun ya kai jika 35, buhu huɗun da ya sayar sai ya biya jika 140 kafin ya mayar da su gida. Jika 60 sun tafi, ba ɓarawo ya shiga ba, ba gobara aka yi ba, ba ma'aikacin duwan ya tare shi ba. Babu bankin da zai rubuta ruwan kuɗi irin wannan a takarda ya liƙa a bango, amma talaka yana biyan sa kowace shekara, kuma sunansa kawai "haka kasuwa take".

Ba na ce ɗan kasuwar da ya saya ya ajiye azzalumi ne ba. Ya sa kuɗinsa, ya biya sito, ya ɗauki kasadar ƙwari da ruwa da faɗuwar farashi, kuma da ba ya saye da kaka da farashin ya fi haka zubewa. Bambancinsa da manomi ɗaya ne: shi yana iya jira. A lissafin gida na Adar, mai iya jira wata shida shi ne mai arziki.

Wanda ya kasa jira har ya wuce nan sai ya faɗa bashin da ake kira a ci ba daɗi. Sunan ya isa bayani. Ana ba ka kuɗi ko hatsi a tsakiyar damina, ka biya da hatsi da kaka a kan farashin da mai bayarwa ya yanke. In wannan ƙofa ma ta rufe, sai barema: ka bar gonarka da ciyawa ka tafi noman gonar wani don ka samo tiyar yau, gonarka ta yi ƙasa, baɗi ka fara daga buhu goma maimakon 12. Daga nan sai jinginar gona. Haka gida ke gangarawa, a hankali, ba tare da an taɓa sa sunansa cikin jerin waɗanda bala'i ya shafa ba.

Abin da ke toshe ramin nan a Adar tun kaka da kakanni shi ne bida. Daga Buza, Keita, Illela, Madawa da Tawa kanta, maza kan bi hanya bayan girbi zuwa Kwaddebuwa, Najeriya, Gana, Kamaru, Gabon, Libiya da Aljeriya. Wasu su dawo da ruwan farko, wasu sai bayan shekaru. Duk wanda ya ga layin mata a ofisoshin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana a watan Yuni ya san wane ne ke ciyar da yankin a lokacin. Saboda haka manufar hulɗa da ƙasashen waje, wadda ake ɗauka zancen manya ne a Yamai, a nan zancen tukunya ce. Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku har sai ta sake sanarwa. Ga mai tura baro a Ajame ta Abijan ko mai shayi a Kumasi, wannan "har sai" ita ce gaba ɗayan rayuwarsa. Zai so ya ji daga bakin ɗan takara wace takarda za ta tsare shi, nawa ne kuɗinta, a ina ake yin ta, kuma wa zai kira in an kwashe shi an zube a Asamaka, bakin iyakar Nijar da Aljeriya, kamar yadda Aljeriya ke yi wa dubban mutane.

Naira ma tana cikin tukunyar. Wajen 2014 jika guda ta sefa naira ɗari uku da ɗoriya ce. A 2024 ta haura naira dubu biyu. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira an sake ta ta bi kasuwa a 2023. Mai zuwa sayayya kasuwar Illela ta tsallaken Ƙonni ya ji daɗi, don jikarsa ta yi nauyi. Amma ɗan bidar da ke Legas ya aiko da abin da a da yake sayen buhu, yanzu ko rabi ba ya kaiwa, kuma mai kai shanu da wake Najeriya ya tarar masu saye ba su da ƙarfi. Abu guda, ya yi wa gida ɗaya daɗi ya yi wa maƙwabcinsa ciwo, wani lokaci ma gida ɗayan ne ta ƙofa biyu. Tsofaffi kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. Shi ya sa duk sanda aka taso da zancen sabon kuɗi, matasa na murna a fada, su kuwa tambayarsu ɗaya ce: abin da ke ƙarƙashin katifa fa?

Iyaka kuwa Adar ta san ta da daɗewa. Yunwar 1984 har yau El Buhari ake ce mata a ƙasar Hausa ta Nijar, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar da Najeriya ta yi a shekarar. Bayan juyin mulkin 2023 aka sake ɗanɗanawa: takunkumi, yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, rufe gadar Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren na iyakar Benin bisa dalilan tsaro, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, kwanaki sun yi yawa, kuma kowane kwana da kamyo ya yi a tsaye ana raba kuɗinsa a kan buhun shinkafa da galan ɗin mai. Mutum yana iya goyon bayan matakin ɗari bisa ɗari kuma ya tambayi nawa ya ci masa. Tambayar ba cin amanar ƙasa ba ce.

Sai albasa, wadda ita ce zinariyar kudancin jihar Tawa. Irin Galmi ya yi suna har ƙasashen gaɓar teku, kuma Nijar ce kan gaba wajen fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Amma ciwon hatsi shi ne ciwonta, har ma ya fi. Mai lambu a Galmi ko Tsarnawa ko Tabalak yana dasawa da sanyi, yana cin bashin iri da taki da esansin injin ban ruwa, yana girbewa a Maris da Afrilu tare da kowa. Buhun nan mai hula, wanda ake cika shi har ya yi tozo, a lokacin ba ya da daraja. Bayan wata shida ko bakwai farashinsa kan ninka, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Wanda ya zuba a rudu, rumbun ajiye albasa na gargajiya, yana iya cin wannan riba, sai dai albasa ba hatsi ba ce, zafi da damshi na ruɓar da kaso mai yawa kafin lokacin. Kuma mai bashi ba ya jiran rudu. An yi shekaru ana zancen masana'antar sarrafa albasa a wuraren taro. Ni da za a tambaye ni, kafin masana'anta a ba kowace ƙungiyar masu lambu sito mai iska da bashin da ba a biya sai Oktoba, a kuma ƙirga shingayen da ke kan hanya daga Madawa zuwa bakin iyaka a faɗa wa jama'a nawa ne na doka.

Makiyayi a Abalak da Cintabaraden nasa kalandar a juye take amma ramin ɗaya ne. Da bazara dabba ta rame, ciyawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, hatsi ya hau. A daidai lokacin ne dole ya sayar, sai ragon da zai kawo buhu da kaka ya kasa kawo rabinsa. Ga rashin tsaro a arewacin jihar, wanda tun kisan Tilliya na Maris 2021 ya hana wasu kasuwanni ci yadda suka saba.

A kan duk wannan sai damina ta kawo nata. Watannin da rumbu ya zama fanko su ne watannin sauro. Yaro ya kwanta da zazzaɓi a Agusta, uwa ba ta da ko dala, uba yana gona ko yana Libiya. Tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka ma tiyatar haihuwa. Tsari ne mai kyau, ya ceci rayuka. Inda ya yi rauni shi ne gwamnati kan yi jinkirin mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe, magani ya yanke, a rubuta wa uwa takarda ta je farmasi. A 2024 hukuma ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Wannan ma abin yabo ne, amma uwar da ke ƙauye ta san kuɗin ganin likita shi ne ƙarami a cikin lissafin. Babban shi ne kabu-kabu ko amalanken da zai kai ta, da maganin da babu, da abincin mai jinya, da akuyar da za a sayar da arha don a biya su. Tambayar da ta dace da ɗan takara a nan gajera ce: a watan Agusta, akwai magani a kan kanta ko babu, kuma wa za a kama in babu?

Ban manta da ƴan birni ba, ko da yake nasu ya fi samun masu faɗa. Ma'aikaci a Tawa ko Yamai ba ya da rumbu, tiyarsa albashi ce. Mafi ƙarancin albashi da aka yanke a 2012, sefa 30,047, ya yi sama da shekara goma bai motsa ba kafin a ƙara shi, kuma a lissafinmu na ɗazu wancan kuɗin ko buhu ɗaya ba zai saya da damina ba. Malamin kwantaragi yana iya yin wata biyu yana jiran na wata ɗaya, mai gidan haya kuwa ba ya jira, takardar kuran ma haka. Kuma albashin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Da zarar an shiga Yuni waya za ta fara ƙara daga ƙauye: "Yaya, hatsi ya ƙare." Ramin manomi yana biyo ma'aikaci har ofis. Sallah kuma tana yawo, kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. A 2024 da 2025 Layya ta faɗo a Yuni, daidai lokacin sayen iri da kuɗin noma.

To mene ne gwamnatoci ke yi? Abin da ya fi sauƙin sanarwa a rediyo shi ne rage farashi da doka. A Yulin 2024 an sauko da litar esansi daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Bayan ambaliyar shekarar, wadda ta sa aka ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba, an rage kuɗin siminti. Duk wanda ke da babur ko ke gini ya ji sauƙi. Amma ragi yana amfanar mai abin saye ne, kuma farashin da ke kan takarda sai kaya na nan yake aiki. Matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take tacewa a yini, kuma shekaru da dama esansin ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ne ke cike gibin a garuruwan iyaka. Da Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan rijiya ta soma ƙafewa, kowa ya koma gidan mai, har aka kai ga dogayen layukan Maris 2025.

Mataki na biyu shi ne hana fitar da kaya. A Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma aka hana fitar da dabbobi gab da Layya. A nan ne nake ganin ya kamata mai ƙuri'a ya buɗe ido sosai, domin shi mutum biyu ne a riga ɗaya. Ranar da yake saye, hanin ya yi masa rana. Ranar da yake sayarwa, shi aka hana. Dubi watan da aka yi kowanne: an tare hatsi da kaka, lokacin da yake hannun manomi, an tare rago gab da Sallah, lokacin da matar da ta yi wata shida tana turke shi take jiran ribarta. Ɗan birni ya samu sauƙi, kuma yana buƙatarsa. Amma wani ne ya biya, kuma ba baitulmali ba ne. Ɗan takarar da ya ce zai sa abinci ya yi arha, a tambaye shi arha a wane wata. Arhar Nuwamba ta manomi ce ake yanka, arhar Yuli ita ce taimako.

Akwai kayan aikin da aka ƙera don wannan rami, kuma ba sabbi ba ne. OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati wadda aka kafa tun 1970, aikinta ke nan: ta sayi hatsi ta ajiye, ta fitar da shi lokacin tsanani. Shekaru da dama ana sayar da buhun kilo 100 a kan sefa 13,000 a shirin sayarwa da rangwame. In ta saya da kaka kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma, ta ɗaga musu farashi lokacin da ya faɗi. In ta fitar da wuri kuma da yawa, ta danne shi lokacin da ya hau. Jifa ɗaya ke nan da ke taimakon mutum ɗaya sau biyu. Amma duka biyun a kan lokaci suke tsaye. Kuɗin saye in ya fito a Maris, hatsi ya riga ya bar hannun manomi, ɗan kasuwa za a saya wa. Buhu in ya iso ƙauye a Satumba, an riga an ci bashin. Shirin 3N na zamanin Mahamadu Isufu, ɗan jihar nan, ya zo da kyakkyawar magana cewa ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, an kuma yi ayyukan ban ruwa da gidajen manoma. Sai dai ƙara yawan amfanin gona abu ɗaya ne, hana shi fita daga hannun mai shi a mafi arhar mako wani abu ne daban.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce jinginar hatsi, wadda aka fara gwadawa a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1990 da tallafin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma su tara buhunansu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiyarsu, ɗaya wurin asusun da zai ba da bashi. A ba kowa kuɗi ƙasa kaɗan da darajar hatsinsa ta ranar, ya biya lanho da lakwal da kuɗin motar ɗansa, ya yi kiwo ko ƴar sana'a. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi tsada. An sayar masa da jira ke nan. Tana da nata cikas. Shekarar da farashi bai hau ba, ya yi asarar kuɗin sito da na bashi. Asusun ba da bashi ba su kai ƙauyuka da yawa ba. Kuma mutane da dama, da hujjarsu ta addini, ba sa son abin da ke da ruwa a ciki, wanda ke nufin sai an zauna da malamai an samo sigar da zuciya za ta kwanta da ita. Mata kuwa ba su jira kowa ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, da adashen unguwa, su ne bankin da ke buɗe a watan Agusta. Abin kunya ne a ce akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku ya fi ma'aikatu sanin kalandar talaka.

Wani wurin da ake mantawa shi ne majalisa. Ana zaɓen dapite don ya gina masallaci ya halarci suna, alhali aikinsa na gaske shi ne ɗaga hannu a kan dokar kasafin kuɗi a ƙarshen shekara. Wata uku kacal bayan an sake zaɓen Tanja a Disamban 2004, Yamai ta cika da masu zanga-zangar tsadar rayuwa, saboda dokar kasafi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. An rufe kasuwanni, an kama jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Nuhu Arzika, daga baya a Afrilu gwamnati ta janye wani ɓangare. A shekarar ce kuma yunwa ta afka bayan fari da fara. Kasafin 2018 ma ya fitar da mutane titi. Har sefa goman da ake cirewa a kiran waya don asusun ceton ƙasa da aka kafa a 2023, ƙarama ce a ido, amma matar ɗan bida da ke kira kullum tana ji. Mai neman kujerar majalisa a sa shi ya faɗa a bainar jama'a abin da ba zai taɓa yarda a ɗora wa haraji ba, a kuma ɗauka a waya.

Masu mulki ma da za su duba tarihi da sun ga amfanin kansu a ciki. Seyni Kunce ya kifar da Jori Hamani a Afrilun 1974 ana tsakiyar fari, da zargin an karkatar da taimakon abinci. Tanja ya sha suka kan musanta yunwar 2005, kuma cikin abubuwan farko da sojojin Salu Jibo suka yi bayan Fabrairun 2010 akwai fitowa su amsa cewa ƙasa na cikin yunwa.

A kamfen ƙarshe na je ƙauyenmu, na tarar ana taro a gindin gawo. Baƙon ya yi magana mai daɗi a kan kwalta da jami'a da bututun mai, aka tafa, mata suka yi guɗa. Da aka ce ko akwai mai tambaya, wani kawuna da ba ya cika magana ba ya miƙe da sandarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, Allah ya ba da sa'a. Ni dai abu guda: in hatsina ya ƙare wata na bakwai, in na zo Tawa, ƙofar wa zan buga?" Aka yi dariya, mai gabatarwa ya ce Baba a zauna, za a duba. Baƙon ya sa aka ba shi jika biyar a ambulan. Da yamma na gan shi yana ba ɗansa ita, cikon kuɗin motar Agadas.